Alysa Liu da 'yancin cewa “na daina”

A watan Afrilu na shekarar 2022, wata yarinya Ba'amurkiya mai suna Alysa Liu ta sanar da cewa ta ajiye wasan zamiya a kan ƙanƙara, alhali shekarunta 16 kacal, kuma ko wata guda ba a yi ba da rataya mata lambar tagulla a gasar duniya da aka gudanar a birnin Montpellier na ƙasar Faransa. Babu raunin da ya tilasta mata, babu kuma laifin da aka kama ta da shi. Ta dai ce ta cimma abin da ta sa a gaba, kuma tana so ta samu lokacin zama da 'yan uwanta da ƙawayenta kamar kowace yarinya sa'arta. Bayan kusan shekara biyu sai ta dawo fagen bisa sharuɗɗan da ita da kanta ta gindaya, ta lashe kambun duniya a Boston a watan Maris na 2025, sannan a watan Fabrairu na 2026 ta ci lambar zinare a gasar Olamfik ta lokacin hunturu a Milan, abin da rabon wata Ba'amurkiya ta yi shi a gasar mata tun 2002, zamanin Sarah Hughes. Jama'a sun ɗauki labarin a matsayin na nasara, kuma lallai nasara ce. Amma a ganina ranar da ta fi kowace nauyi a wannan tafiya ita ce ranar da ta ce ta daina aka kuma ƙyale ta, domin da ba a bar ta ta fita ba, da komawarta ba ta zama zaɓinta ba, kuma da annurin da kowa ya gani a fuskarta bai samu ba.

Yawancinmu ba mu taɓa taka ƙanƙara ba, saboda haka ya kamata a san yadda wasan yake, domin a cikin tsarinsa ne matsalar take kwance. Ɗan wasa yakan sa takalmi mai dogon wuya wanda aka kafa wa siririn ƙarfe a ƙasansa, kaurin ƙarfen kusan milimita 4 ne, ya shiga filin da aka daskarar da ruwa a kansa, mai tsawon mita 60 da faɗin mita 30, ya riƙa zamewa yana bin kiɗa, yana jujjuyawa, yana tsalle. A gasar mutum ɗaya sau biyu ake fita, fitar farko ta minti 2 da daƙiƙa 40, ta biyu kuma ta minti 4. Tsallen da ake lissafawa iri shida ne, mafi wuyarsu kuwa shi ne wanda ake kira Axel, sunan wani mutumin Norway, Axel Paulsen, wanda ya fara yin sa a 1882. Shi kaɗai ne ake tashi ana fuskantar gaba a sauka da baya, don haka kullum yana da ƙarin rabin juyi. Alƙalai suna ba da maki kashi biyu, ɗaya na wuyar abin da aka yi da tsabtar yin sa, ɗayan kuma na iya sarrafa takalmi da tsara wasa da tafiya daidai da kiɗa, sannan duk faɗuwa tana jawo a cire maki. An kawo wannan tsari ne a 2004, bayan abin kunyar da ya auku a gasar Olamfik ta Salt Lake City a 2002, inda aka zargi wata alƙaliya 'yar Faransa da karkatar da makinta, har ta kai ga an ba da lambar zinare ga ƙasashe biyu a gasar 'yan bibbiyu.

Sabon tsarin ya rage son ran alƙalai, amma ya sa wa kowane tsalle farashi a rubuce, kuma juyi huɗu ya fi juyi uku tsada nesa ba kusa ba. Wanda ya tashi sama ba ya kai daƙiƙa ɗaya kafin ya dira, kuma a cikin wannan ɗan lokaci ne zai juya sau uku ko huɗu ya sauka a kan ƙafa ɗaya. Jiki ƙarami mara nauyi mai siririn ƙugu ya fi saurin juyawa, shi ya sa yarinya 'yar shekara 13 ko 14 da ba ta balaga ba take iya abin da zai iya gagararta in ta kai 18, lokacin da tsawonta ya ƙaru, ƙugunta ya buɗe, nauyin jikinta ya sauya wuri. Daga nan ne wasu masu horarwa suka shiga tsere da balaga: a ɗora wa yarinya tsalle mafi wuya tun da wuri, a riƙa hawar da ita sikeli, a taƙaita mata abinci, a kwashi lambobin yabo kafin jikinta ya zama na mace, in ya zama kuma a juya ga ta bayanta. Wannan shi ne abin da nake ƙi a wasan, kuma son da nake wa wasan ne ya sa nake ƙin sa.

Sunayen da abin ya shafa sanannu ne. Tara Lipinski ta Amurka ta ci zinare a gasar Olamfik ta Nagano a 1998 tana da shekara 15, tun kafin sabon tsarin ma, kuma ba ta sake shiga gasar Olamfik ba. Yulia Lipnitskaya ta Rasha ta burge duniya a Sochi a 2014, ita ma tana da shekara 15, ta ci zinare tare da tawagar ƙasarta, amma a 2017 ta yi ritaya tana da shekara 19, bayan ta yi jinyar cutar nan ta ƙin cin abinci don tsoron ƙiba. Alina Zagitova, ita ma 'yar Rasha, ta ci zinaren Olamfik a 2018 tana da shekara 15, kafin ƙarshen 2019 ta dakatar da shiga gasa. Mafi muni shi ne abin da ya faru a gasar Olamfik ta Beijin a 2022. Kamila Valieva ta Rasha, 'yar shekara 15, ta je a matsayin wadda kowa yake sa ran ita za ta ci, sai a tsakiyar gasar aka bayyana cewa an samu wani maganin da aka haramta wa 'yan wasa, trimetazidine, wanda ake ba masu ciwon zuciya, a samfurin da aka ɗauka daga jikinta tun watan Disamba. Aka bar ta ta ci gaba da gasar idon duniya duka yana kanta, ta fita ta faɗi fiye da sau ɗaya, ta sauko daga kan ƙanƙara a ruɗe, kuma abin da kyamarori suka nuna shi ne mai horar da ita, Eteri Tutberidze, tana tuhumarta dalilin da ya sa ta karaya. Shugaban kwamitin Olamfik na duniya a lokacin, Thomas Bach, ya fito fili ya ce irin tarbar da aka yi mata, wadda babu rarrashi a cikinta, ta tayar masa da hankali. A watan Janairu na 2024 kotun sauraron ƙararrakin wasanni da ke Lausanne ta dakatar da ita na shekara huɗu, aka soke sakamakonta. Yarinyar ce ta ɗauki hukuncin, mai horar da ita kuwa ta ci gaba da aikinta.

Alysa Liu tana cikin wannan gasa ta Beijin, ta ƙare a matsayi na bakwai, daga baya aka ɗaga ta zuwa na shida da aka soke sakamakon Valieva. Ita ma tun tana ƙarama aka ɗora ta a kan hanyar, ko da yake a wata ƙasa da wani tsari daban. An haife ta a Kalifoniya a 2005. Mahaifinta, Arthur Liu, lauya ne da ya baro ƙasar Sin bayan zanga-zangar ɗalibai ta 1989, kuma shi ne ya kai ta filin ƙanƙara tana da shekara biyar. A watan Janairu na 2019, a birnin Detroit, ta ci kambun Amurka na manyan mata tana da shekara 13, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin gasar, kuma ƙanƙantarta ta kai sai da waɗanda suka zo na biyu da na uku suka kama hannuwanta suka hawar da ita dandamalin karɓar lambar yabo. A wannan shekarar ta zama Ba'amurkiya ta farko da ta yi tsalle mai juyi huɗu a gasa, a 2020 kuma ta sake cin kambun. Daga baya ne ta bayyana cewa a waɗancan shekarun wasu ne suke zaɓa mata kiɗa da tufafi, wasu ne suke tsara mata lokacin atisaye da abin da za ta ci, har ta kai matsayin da ba ta ƙaunar zuwa filin. Mahaifinta ne kuma yake ɗaukar masu horarwa yana sallamarsu yadda ya ga ya dace.

Ba na kawo wannan domin in aibata shi. Mutumin ya zuba dukiyarsa da ƙuruciyarsa a kan 'yarsa, kuma da ta ce ta daina bai tare mata hanya ba, wanda ba kowane uba ne da ya kashe abin da ya kashe zai iya haka ba. A shekaru biyun da suka biyo baya ta karɓi lasisin tuƙi, ta shiga Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, ta je Nepal ta yi tafiyar ƙafa har sansanin da masu hawan dutsen Everest suke tashi, ta zauna da ƙannenta huɗu. A farkon 2024 ta je zamiyar dusar ƙanƙara a kan tsauni, sai ta ji daɗin gudu da sanyin iska irin wanda ta daɗe da mantawa, wannan ya sa ta koma filin domin ta gwada ƙafarta. Da ta tuntuɓi tsohon mai horar da ita, Phillip DiGuglielmo, da farko ƙoƙarin hana ta ya yi, domin ba a saba ganin macen da ta bar wasan shekara biyu ta dawo ta kamo inda ta tsaya ba. Ta nace, ta kuma shimfiɗa sharuɗɗanta: ita za ta zaɓi kiɗanta, da ita za a tsara wasanta da tufafinta, ita za ta ce yau ta gaji ko tana son ƙari, babu wanda zai hana ta abinci, mahaifinta kuma zai koma matsayin uba ya bar harkar horo. DiGuglielmo da abokin aikinsa Massimo Scali suka amince, mahaifin ma ya ja da baya.

Abin da ya sa nake ganin fitarta ta fi zinarenta muhimmanci shi ne, amincewar da mutum ya bayar alhali ba shi da ikon ƙi, babu mai iya sanin ko daga zuciyarsa ta fito, shi kansa ma ba zai sani ba. Yarinyar da aka sa a hanya tana da shekara biyar, ta tashi ta ga an kashe mata kuɗi, an sauya tsarin gida dominta, jaridu suna kiranta fatan ƙasa, in aka tambaye ta ko tana son wasan za ta ce tana so, kuma ba ƙarya take yi ba. Ba ta dai taɓa ganin kanta a wajen filin ba, balle ta kwatanta. Sai da Alysa ta yi wata da watanni babu alƙali, babu sikeli, babu mai jiran ta ciyo masa wani abu, ta ga gidansu bai rushe ba, ƙawayenta ba su guje ta ba, ita ma ba ta zama abin banza ba, sannan ta iya tambayar kanta abin da take so a cikin wasan. Abin da ta tarar shi ne motsin kansa take so, wato gudun, da kiɗan, da nuna wa jama'a abin da ta tsara da hannunta. Wanda ya tabbatar cewa zai iya rayuwa ba tare da lambar yabo ba, faɗuwa a gaban dubban mutane ba ta zame masa ƙarshen duniya, kuma wannan tabbaci ba a cusa shi da baki, sai an bar mutum ya gani da idonsa.

Sakamakon ya bayyana a kan ƙanƙara. A Boston, tana da shekara 19, ta doke Kaori Sakamoto ta Japan wadda ta riƙe kambun duniya sau uku a jere daga 2022 zuwa 2024, ta zama Ba'amurkiya ta farko da ta ci gasar tun bayan Kimmie Meissner a 2006, kuma ta yi haka ba tare da tsalle mai juyi huɗun da ya fito da sunanta tana yarinya ba. Da tsalle masu juyi uku da ta yi su tsaf, da gudu, da sakin jikin da ya tashi 'yan kallo tsaye, ta ci. Ba ita kaɗai ce ta ƙaryata zancen cewa mace ta gama wannan wasa da zarar ta wuce 18 ba. Akiko Suzuki ta Japan ta rasa kakar wasa guda saboda cutar ƙin cin abinci, ta warke ta dawo, ta ci tagulla a gasar duniya a 2012 tana da shekara 27, ta kuma ci kambun ƙasarta a 2013. Deanna Stellato-Dudek ta bar wasan tana budurwa saboda ciwon ƙugu, ta yi kusan shekara 16 tana wata sana'a, ta dawo ta koma gasar 'yan bibbiyu, ta ci kambun duniya a Montreal a 2024 tare da Maxime Deschamps tana da shekara 40.

Sai dai ina jin tsoron yadda za a karanta labarin Alysa. Tun da ya ƙare da zinare, za a samu masu horarwa da iyaye da za su ce ashe farin ciki ma dabarar cin gasa ce, su fara umartar yara da su yi murmushi su saki jiki, kamar yadda a da ake umartarsu da su rage ci. In haka ta faru, an mayar da abin da ya sauke mata nauyi wani sabon nauyi a kan wasu. Hutun da ta ɗauka daidai ne ko da ba ta dawo ba, dawowarta kuma daidai ce ko da ta ƙare ta goma a Milan. Gracie Gold, wadda ta ci kambun Amurka a 2014 da 2016, ta janye a 2017 domin neman maganin ciwon damuwa da matsalar cin abinci, ta dawo ta ci gaba da shiga gasar ƙasa shekaru da dama ba tare da ta sake hawa dandamalinta ba, kuma ban ga dalilin da zai sa a ce dawowarta ta gaza ta Alysa daraja ba. Duk wanda zai yaba wa 'yancin ɗan wasa sai in ya haifar da lambar yabo, to lambar yake so har yanzu, kuma ranar da 'yancin ya kasa kawo ta zai janye shi.

Akwai hujja mai ƙarfi da za a kawo mini, wadda ba ta rainawa ba ce. Za a ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma tsallen da Alysa ta dawo ta tarar a jikinta an dasa shi ne a shekarun nan da take kuka da su. Ta ci moriyar wahalar, sannan ta zo tana sukarta. Gaskiya ne babu wanda zai fara wannan wasa yana da shekara 18 ya kai gasar duniya. Gaskiya ne kuma ɗan shekara biyar ba ya zaɓa wa kansa komai, iyayensa ne suke kai shi makaranta yana kuka, daga baya ya yi musu godiya. Mu da muka tashi a kan girmama iyaye da malamai ba za mu karɓi ra'ayin da ke cewa a sakar wa yaro ragama ba, ni ma ban karɓe shi ba. Amma horo daban, mallaka daban. Tada yaro da asuba ya je atisaye, da sa shi maimaita tsalle ɗaya har ya iya, da hana shi gudu daga abin da ya fara don kawai ya ji wuya yau, duk horo ne. Hana yarinya abinci a shekarun da ƙashinta yake ginuwa, da raba ta da karatu da ƙawaye, da nuna mata cewa ƙaunar da ake mata tana hawa da sauka tare da makinta, wannan mallaka ce, kuma babu hujjar da ta nuna sai da ita ake samun gwani. Aikin uba da malami shi ne su riƙe ragamar lokacin da yaro bai iya ba, su riƙa sassauta ta gwargwadon yadda hankalinsa yake ƙaruwa, har ranar da za su miƙa masa ita gaba ɗaya. Shi ma mai tanƙwara iccen yana sauraron ƙararsa, domin ya san akwai iyakar da in ya wuce karyewa zai yi. Alysa ba ta daina shan wahala ba da ta dawo. Babu mai tsayawa minti huɗu a kan siririn ƙarfe yana tsalle bakwai ba tare da atisaye mai tsanani ba. Wahalar ce ta zama wadda ta san dalilinta ta kuma yarda da ita.

Hujja ta biyu ta fi damuna, domin ba ni da cikakkiyar amsarta sai dai kira. 'Yancin dainawa yana da tsada. Mahaifin Alysa ya taɓa cewa abin da ya kashe a kan wasanta ya kai tsakanin dala rabin miliyan da miliyan ɗaya, kuma duk da haka gidan bai dogara da nasararta kafin a ci abinci ba. Tana da jami'ar da za ta shiga, tana da ɗakin da za ta koma. Yarinyar da iyayenta suka bar garinsu suka tare kusa da filin horo, ko wadda gwamnati ce take biya mata komai bisa sharaɗin ta ci gaba da kawo sakamako, ba ta da bakin cewa ta gaji. Ba sai an je ƙasashen ƙanƙara ba kafin a ga irin wannan. Akwai ɗalibai a jami'o'inmu da suke karatun likita ko lauya domin burin mahaifi ne, akwai samari da dangi suka sayar da fili ko dabbobi domin a kai su gwajin ƙwallo a Turai, waɗanda nauyin abin da aka kashe ya ɗaure musu harshe. Shi ya sa ba na yarda a bar wannan magana ga sa'ar samun uba mai fahimta da aljihu mai nauyi. Haƙƙin yaro na ya huta ko ya sauya hanya, ba tare da ya rasa karatunsa ko mutuncinsa ba, abu ne da hukumomin wasa ya kamata su rubuta a dokokinsu.

Batun karɓar kai kuwa ya fi tsanani a wannan wasa fiye da yawancin wasanni, domin a gudu agogo ne yake yanke hukunci, a nan kuma mutane ne suke zaune suna kallon jikinka da suturarka da fuskarka suna ba da maki. Surya Bonaly, baƙar fata 'yar Faransa, ta ci kambun Turai sau biyar a jere daga 1991 zuwa 1995, ta zo ta biyu a gasar duniya sau uku, kuma a duk tsawon waɗannan shekaru ana maimaita mata cewa tana da ƙarfi amma ba ta da taushin motsi. Wani ɓangare na sukar yana da tushe a fasahar sarrafa takalmi, amma ba na shakkar cewa akwai siffar da aka riga aka zana a rai ta yadda gwanar ƙanƙara take, fara siririya mai sanyin motsi, kuma Bonaly ba ta shiga cikinta ba. A gasar duniya ta 1994 a Chiba, da aka ba Yuka Sato ta Japan zinare da tazarar alƙali ɗaya, Bonaly ta cire lambar azurfar daga wuyanta a gaban kowa. A Nagano a 1998, tana fama da ciwon agara, ta kuma san lambar yabo ta kuɓuce mata, sai ta yi alkafura ta baya ta dira a kan ƙafa ɗaya, motsin da doka ta haramta tun shekarun 1970. An cire mata maki, ta ƙare ta goma. Ta san za a cire, ta zaɓi ta bar fagen da abin da babu wadda ta iya shi sai ita. A 2024 hukumar wasan ta duniya, ISU, ta ɗage haramcin alkafurar, shekara 26 bayan nan.

Zahra Lari ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ci karo da irin wannan bango ta wata fuskar. A 2012, a wata gasa a garin Canazei na ƙasar Italiya, ta fita da hijabi da suturar da ta rufe jikinta, alƙalai suka cire mata maki saboda lulluɓin. Ba ta cire shi ba, ba ta kuma bar wasan ba. Ta kai maganar gaban hukumar, har aka daina hukunta mai sa hijabi. Ba ta samu gurbin shiga gasar Olamfik ba, amma duk yarinya Musulma da ta shiga filin ƙanƙara bayanta ba za a sa ta zaɓi tsakanin addininta da makinta ba. Na san da yawa daga cikin masu karatu tufafin da aka saba gani a wannan wasa ba su kwanta musu ba, kuma ya dace a sani cewa doka ce ta daɗe tana tsara wa mata abin da za su sa, domin sai a 2004 aka ba su damar sa wando a gasar mutum ɗaya. Ikon da ya ba Alysa damar fita da gashinta mai zobe-zoben launi yadda take so, shi ne ikon da ya ba Zahra damar rufe nata.

Bayan abin da ya faru a Beijin, ISU ta yi taro a Phuket na ƙasar Tailan a watan Yuni na 2022, ta kaɗa ƙuri'a 100 da 16 a kan ɗaga mafi ƙarancin shekarun shiga gasar manya daga 15, aka mayar da shi 16 a kakar 2023 zuwa 2024, sannan 17 daga kakar da ta biyo baya. Mataki ne mai kyau, kuma an ga alamarsa a Milan, inda Alysa mai shekara 20 da Sakamoto mai shekara 25 suka ɗauki zinare da azurfa. Amma dokar ba ta taɓa gasar matasa ba, wadda ake shiga daga shekara 13, kuma a can ma tsalle mai juyi huɗu yana da tsadarsa, masu horarwa kuma su ne dai na jiya. Yarinyar da ake hawarwa sikeli kowace safiya tana da shekara 12 ba ta amfana da cewa sai ta kai 17 za a nuna ta a talabijin ba. Tsawon shekarun da za ta jure ne ma ya ƙaru. Abin da ya rage shi ne a cire batun nauyin yaro da abincinsa daga hannun mai horarwa a mayar da shi hannun likitan da ba ya cin albashi daga nasarar yaron, a samar da inda yaro zai kai kuka wanda ba ƙungiyar da take neman lambar yabo da shi ba, a kuma sa doka cewa duk lokacin da aka samu haramtaccen magani a jikin wanda bai kai shekara 18 ba, manyan da suke kula da shi ne za a fara dakatarwa har a gama bincike. Hukuncin Valieva ya ƙare a watan Disamba na 2025, tana da shekara 19, bayan ta rasa shekarun da aka ce mata su ne kaɗai nata, kuma har aka rufe shari'ar ba a dakatar da ko ɗaya daga cikin masu horar da ita ba.